Kalmar Da Jitan Ya Ɗauka Yabo Ce

A ƙauyenmu da ke bakin kogin Rapti, daura da babban dajin Chitwan, an yi wani saurayi mai suna Jitan Mahato. Yana da ƙarfi da fara'a, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya faɗa da kowa. Sai dai akwai halaye biyu da suka yi masa katutu. Na farko, yana son a gan shi. In an taru wurin rawar sanduna, sai ya san yadda ya yi ya tsaya inda fitila ta fi haske. Na biyu kuwa, bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ya taɓa yin 'yan watanni a wani ajin koyon Turanci a birni, tun daga nan ya naɗa kansa tafintan ƙauye. Abin da ya ji da wanda bai ji ba, duk fassarawa yake yi, kuma ba ya ko ƙifta ido.

Yayarsa Budhani ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, yana kiranta Didi, wato yaya a yarenmu. Ita jagorar baƙi ce, tana shiga da masu yawon buɗe ido cikin daji a ƙafa su kalli tsuntsaye da namun dawa. Dokar aikin ita ce kowace tawaga ta tafi da jagora biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba bindiga, sai sandar gora. Da Jitan ya samu takardar izini, Budhani ta ɗauke shi ya riƙa tsare mata baya. Ni kuwa kwalekwale nake tuƙawa, ni nake tsallakar da su kogi da safe, in jira su a wancan ƙetare.

A sanyin shekarar nan wani ɗan baffansu ya dawo daga aikin titi a Katar, ya kawo wa Jitan tsarabar rigar sanyi. Ban taɓa ganin riga mai ɗaukar ido irin wannan ba. Ruwan goro ce mai ƙuna kamar garwashi, an ɗinka mata layuka masu walƙiya kamar azurfa a ƙirji da baya da hannuwa. In rana ta taɓa ta sai ka kau da kai. Jitan ya sa ta, ya ƙi cirewa. Ko shinkafa zai ci, tana jikinsa.

Wata rana da yamma suka je masauki don su gana da baƙin da za su shiga da su washegari. Wata dattijuwa ce daga ƙasar Siri Lanka mai suna Madam Nilmini, tsohuwar malamar makaranta mai son kallon tsuntsaye, tare da 'yarta Sanduni, budurwa mai yawo da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Ba sa jin yarenmu, mu ma ba ma jin nasu, sai Turanci. Budhani ta san sunayen tsuntsaye da dabbobi da Turanci, ta san "tsaya" da "sunkuya" da "yi shiru", amma doguwar hira Jitan take bar wa.

Dattijuwar ta dubi rigar, ta yi murmushi, ta yi wata doguwar magana tana nuna ta da yatsa. A cikin maganar duka abu uku kawai Jitan ya kama: riga, gobe, da wata babbar kalma da bai taɓa ji ba, *conspicuous*. Ya ga ta yi murmushi, ya ga Sanduni ma ta dube shi, sai ya dafa ƙirji ya rusuna ya yi godiya har sau biyu. Dattijuwar ta ɗan ɗaure fuska kamar za ta ƙara magana, sai mai masauki ya kira su shan shayi.

A hanya Budhani ta tambaye shi, "Me ta ce?"

"Cewa ta yi rigata ta burge ta, Didi. Wai in sa ta gobe."

"Ko shugaban ƙasarsu ne ya ce, ba za ka shiga mini daji da wannan wutar ba. Ka ji ni, Auta?"

"Na ji."

Daga nan ya biyo ta rumfar shayin Kawu Somlal, inda muke zaune ana tsotsar dodon koɗi. Yana shigowa wani ya kare ido da hannu ya ce, "Kai, a kashe fitilar nan, ba mu biya kuɗin wuta ba!"

"Ku yi ta dariya," in ji Jitan. "Malamar Turanci ce da kanta ta ce ni kwansifikiyos ne."

Kawu Somlal ya ajiye buta ya ce, "Kwansi me? Cuta ce? In cuta ce ka matsa can, kar ka sa mini a kofi."

"Kawu, kalmar manya ce."

"To faɗa mana ma'anarta, mu ƙanana mu ƙaru."

Jitan ya gyara wuyan rigarsa. Ya ce, "Mutum mai kwarjini. Wanda ya fi kowa kyau a taro."

Na ce masa, "Ka tabbata? Ga mai masauki can yana jin Turanci, mu je mu tambaye shi mana."

Ya harare ni. "Ni zan je in tambayi mai dafa wa baƙi ƙwai? Kai dai ka riƙe sandar tuƙinka."

Washegari da sassafe hazo ya rufe kogi, har ba ka ganin bakin kwalekwale daga inda kake tsaye. Jitan ya zo ya lulluɓe da wani tsohon bargo ruwan ƙasa tun daga wuya har gwiwa. Ba wanda ya yi tunanin komai, domin sanyi ake yi sosai. Baƙin sun sa tufafi masu launin ganye da na ƙasa, Budhani ma haka. Na tsallakar da su. Da muka isa, Budhani ta taɓa ƙasa ta taɓa goshinta kamar yadda take yi kullum, sannan ta maimaita musu abin da kowa ya sani. In karkanda ta taso, a nemi bishiya mai kauri. In babu, a yi gudu ana karkacewa, a jefar da wani abu na jiki, domin takan tsaya ta shinshina shi. Jitan ya fassara musu wannan da bakinsa. Suka shige, ni kuma na zauna jira.

Abin da ya faru a ciki, daga bakinsa na ji shi daga baya, da bakin Budhani.

Sun yi tafiya cikin itatuwa, suka fito filin ciyawa. Ciyawar wurin ta fi mutum a kan ɓauna tsawo, hanyar kuma siririya ce mai lanƙwasa, wadda dabbobi suka fasa da jikinsu. Wanda ke gaba ba ya ganin na baya sai an zo inda ta miƙe. Rana ta fara kore hazo. Jitan ya ga Sanduni tana ɗaukar hoton duk abin da ta gani, sai ya ji a ransa cewa ba daidai ba ne a koma da hotunan nan wata ƙasa yana cikinsu da tsumman bargo. Ya cire bargon, ya naɗe, ya cusa a jaka.

Madam Nilmini ce a gabansa. Ƙarar ledar rigar ta sa ta juyo. Fuskarta ta sauya. Ta matso ta raɗa masa kalmar nan, ta haɗa da wata 'yar ƙaramar kalma mai nufin abu ya wuce kima, wadda shi kullum yake ɗauka tana nufin "ƙwarai da gaske". Ta kama gefen rigar tana girgizawa. Ya yi mata murmushi, ya ɗora yatsa a leɓe, wai yana tuna mata ba a surutu a daji. Ta juya da sauri don ta cim ma Budhani ta gaya mata.

Ba ta kai ba. Budhani ta riga ta ɗaga hannu sama, alamar kowa ya tsaya.

A tsakiyar hanya ga tulin kashin karkanda, yana tururi. Kusa da shi ga sawu a cikin laka, manya, kuma a gefensu ga wasu ƙanana. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san ma'anar ƙananan sawun nan. Uwa ce da ɗanta.

Tsuntsayen da suke ta kuka sun yi tsit. Jitan ya ji wani wari mai nauyi na laka da fitsari. Sai kuma ya ji sautin tauna, a hankali, kamar ana yanka kara da lauje. Ba ya iya gane daga wane ɓangare yake fitowa.

Budhani ta yi musu alama su ja da baya. Sun taka kaɗan ke nan iska ta kaɗa ciyawar da ke damansu, ta buɗe, sai ga kududdufi, sai ga ta a bakinsa. Jitan ya ce ya sha ganin karkanda daga nesa, amma bai taɓa sanin girmanta ba sai ranar. Fatar jikinta ninki-ninki ce kamar an yi mata sulke, laka na ɗiga daga cikinta. Ɗanta yana manne da ƙafarta ta baya.

Budhani ta sunkuya, baƙin suka sunkuya. Nan take suka saje da ciyawa, har shi Jitan da ke bayansu ya daina bambanta su da ƙasa. Shi ma ya sunkuya. A lokacin ne Budhani ta waiwayo don ta ƙirga mutanenta, ta gan shi. Ya ce har ya mutu ba zai manta da idanunta ba. Ba fushi ne a cikinsu ba, tsoro ne zalla.

Karkanda ba ta da ƙarfin gani, kowa ya san haka. Amma abin da ke ƙyalli a cikin busasshiyar ciyawa ba ya buƙatar ido mai ƙarfi. Rana ta faɗo daidai kan layukan azurfar nan, ga shi kuma jikinsa na rawa, walƙiyar na motsi. Taunar ta tsaya. Kunnuwan dabbar suka miƙe suka juyo. Ta ɗaga kai. Ta fesa wani huci da ya ji har cikin ƙirjinsa.

"Cire ta," Budhani ta raɗa, leɓunanta kawai ke motsi. "A hankali, Auta. Cire ta."

Ya kai hannu wuya. Ya kama zif ya ja, sai ya cije yadi ya tsaya cak. Ya sake ja da ƙarfi. Ledar rigar ta yi wata ƙara, ƙaras-ƙaras, wadda a cikin shirun nan ta zama kamar ana taka busasshen ganye da gangan. Ɗan karkandar ya yi wani siririn kuka ya ɓuya bayan uwarsa.

Sai ta sauke kai ta taso.

Ƙasa ta ɗauki rawa. Ciyawa ta riƙa kwantawa a gabanta. Budhani ta miƙe ta ingiza baƙin tana ihu, "Rimi! Ku tafi rimin can!" Akwai wani babban rimi a gefen hanya, suka ruga suka laɓe a bayansa. Jitan kuwa duk abin da ya fassara da bakinsa da safe ya gudu daga kansa. Bai karkace ba. Bai jefar da jaka ba. Ya ga inda mutane suka nufa, ya bi su a miƙe, yana ƙuna kamar tocila, dabbar kuma ta bi shi. Da ƙafarsa yake kai ta wurin dattijuwa da 'yarta.

Budhani ta ga haka. Ta baro rimin ta fito fili, ta shiga tsakani, tana dukan ƙasa da gora tana kururuwa da iyakar muryarta. Karkandar ta karkato kanta. Budhani ta maka mata gora a hanci, gorar ta tsage. Karkandarmu ba da ƙaho take kisa ba, da haƙoran ƙasa take yi, masu kaifi kamar gatari. Ta kama Budhani a cinya, ta ɗaga ta, ta yi jifa da ita cikin ciyawa.

Jitan ya ji ƙarar yayarsa, sau ɗaya, daga nan shiru. Ya juyo ya ga dabbar tana jujjuyawa tana neman inda ta faɗi. A nan ne ya kama rigar ta ƙeya ya fizge ta ta kai, har ta yage masa kunne, ya wurga ta nesa iya ƙarfinsa. Ta tashi sama tana walƙiya ta faɗa bakin kududdufi. Karkandar ta bi ta. Ta shinshina, ta tattake ta, ta yayyaga ta da haƙori, ta dulmiya ta cikin laka. Ɗanta ya sake kuka. Ta tsaya tana huci, kanta na juyawa hagu da dama. Jitan yana tsaye daga shi sai 'yar shara, bai ko numfasa ba. Can sai ta juya, ta tura ɗanta gaba, ciyawa ta rufe a bayansu.

Ya rarrafa ya iske Budhani. Idonta biyu, amma fuskarta ta yi fari kamar toka. Bai iya duban cinyar sau biyu ba. Madam Nilmini ta iso da rarrafe, ta warware mayafin wuyanta ta ɗaure saman raunin tamau, ta sa tsinken gora ta murɗa. Sanduni tana kuka ba sauti, ta toshe bakinta da hannu biyu.

Waya ba ta kamawa a wurin. Ba abin yi sai ya goya ta.

Ya ce wannan komawar ta fi harin kansa ban tsoro. Ba su san inda karkandar ta nufa ba, hanyar da za su bi kuma ita ce hanyarta. Ba sanda a hannun kowa, ta Budhani ta tsage, tasa kuma ta faɗi wurin gudu. Jinin yayarsa mai ɗumi yana bin bayansa yana gangarowa ƙafarsa, ya kuma san ba karkanda kaɗai ke cikin ciyawar nan ba, akwai mai bin warin jini. Duk lanƙwasa sai ya tsaya, ya kasa kunne. Sau ɗaya ciyawa ta motsa da ƙarfi a gefensu, dukansu suka daskare, ashe barewa ce. Budhani tana raɗa masa a kunne, "Hagu. Bi hagu. Baƙin suna nan? Ƙirga su." Daga baya raɗar ta riƙa yin ƙasa, har ta daina. Ya riƙa kiranta, "Didi. Didi, yi mini magana. Zage ni ma, Didi." Ba amsa.

Ina zaune a kwalekwale na ji ana kiran sunana da wata murya da ban gane ba. Na ɗaga kai na gan su sun fito daga itatuwa. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kadoji na kwance a kan yashi suna shan rana, jini na ɗiga a cikin kwalekwale yana haɗuwa da ruwan da ke ƙasa, ni kuwa addu'a kawai nake kar mu kife. A ƙetaren ƙauyenmu aka samu mota, aka wuce da ita asibitin birni.

Muna zaune a barandar asibiti ana yi mata aiki, Jitan ya tashi ya je gaban Madam Nilmini ya durƙusa. Har lokacin jini ne a jikinsa. Da ɗan Turancinsa ya ce mata bai san kalmar nan ba, bai taɓa saninta ba, ta taimaka ta gaya masa. Mai masauki yana wurin, shi ya riƙa mayar mana da maganarta.

Ta ce kalmar ba yabo ba ce, ba kuma zagi ba ce. Ana faɗinta ga duk abin da ido ke faɗawa kansa da farko, abin da ya fita daban da kewayensa har ba ya ɓoyuwa. Farin balbela a cikin koriyar gonar shinkafa haka yake. Tabon miya a farar riga ma haka yake. Ta ce rigar nan an ɗinka ta ne musamman don ta zama haka, domin direba ya hango ma'aikacin titi daga nesa kar ya take shi. A kan titi tana ceton rai. A daji kuwa kiran mutuwa take yi. Abin da ta faɗa masa a masauki shi ne, "Ina fata ba da wannan rigar za ka shiga gobe ba, ta cika ɗaukar ido." Ta ce da ya yi godiya ta so ta sake bayani, sai ta ga kamar za ta kunyata shi a gaban yayarsa. Tana faɗin haka ita ma ta fashe da kuka.

Budhani ta rayu. Likitoci sun ceci ƙafar, amma ba ta ƙara miƙewa daidai ba. Hukumar gandun daji ta karɓe takardar Jitan, ba ta mayar masa ba. Ita kuma ba wanda ya karɓe tata, sai dai jagorar da ba ta iya gudu ba ta da abin yi a cikin ciyawa. Matar da ta fi kowa sanin dajin nan a ƙauyenmu yanzu saƙar kwanduna take yi a ƙofar gida, tana sayar wa baƙi.

Ba ta taɓa zaginsa ba, kuma na san da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Shi yake noma gonarsu, shi yake ɗebo mata ciyawar saƙa daga wannan ƙetare, don har yau bai sake taka wancan ba. In iska ta kaɗa doguwar ciyawa a kusa da shi sai ka ga gumi ya keto masa, ko da a tsakiyar sanyi ne. Da safe, lokacin da nake tsallakar da jagorori da baƙinsu, Budhani takan dogara sanda ta zo bakin kogi ta zauna. Tana kallonmu har mu isa ƙetare, ta ga sun shige cikin itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Jitan yakan tsaya nesa da ita yana jira, sai ta gama kallo sannan ya zo ya kama hannunta su koma gida.

Darasin wannan labari shi ne, kada girman kai ya hana ka tambayar abin da ba ka sani ba. Kunyar cewa "ban gane ba, a sake faɗa mini" ta ɗan lokaci ce, amma abin da riya sani ke jawowa yana iya zama na har abada, kuma sau da yawa ba kai kaɗai zai faɗa wa ba, har da wanda ya fi ƙaunarka. Ba duk maganar da aka faɗa maka da murmushi ce yabo ba, wata gargaɗi ce. Sannan ka sani ba ko'ina ake so a gan ka ba. Akwai wurin da fitowa fili ke tsare mutum, akwai wurin da yake hallaka shi, mai hankali kuwa yakan duba inda yake tsaye kafin ya nemi ido ya dawo kansa.